Darasin Yau: Takardar Haraji da Lissafin Ɗauko Iyali Zuwa Amurka

 Kowa ya fito da littafinsa da biro, domin darasin yau rabinsa doka ne, rabinsa lissafi. Ga tambayar da za mu warware: ɗan garin Dalijan da ke zaune a Amurka ya zo gida an ɗaura masa aure, yana so iyalinsa ta tare a can. Waɗanne takardun haraji za a nema a hannunsa, kuma me ake dubawa a cikinsu? Zan riƙa cewa miji ne a can, mata a gida, don sauƙin bayani, amma doka ɗaya ce ko da matar ce a Amurka tana neman ɗauko mijinta.

Dattawan ƙasar Gwandu ba za su ji abin baƙo ba. A zamanin En'e, mai tafiya cin rani Kurmi ko Gwanja ba ya barin gida sai takardar harajinsa na aljihu, domin ana tambayarta a hanya, kuma ita ke nuna cewa mutum yana da gari, yana da mai gari. Waccan takardar tana shaida cewa ka biya. Ta yau ta fi ta zurfi, tana faɗin nawa ka samu a shekara.

Tushen dokar

Tun 1882 dokar shige da fice ta Amurka ta hana shigar baƙon da ake ganin zai zama nauyi a kan baitulmalin gwamnati. A 1996 majalisarsu ta ƙara ɗaure abin, ta ce duk mai ɗauko ɗan'uwansa sai ya sa hannu a kan alƙawarin ɗaukar nauyi wanda kotu za ta iya kama shi da shi. Fom ɗin alƙawarin shi ne I-864, an fara aiki da shi a Disamban 1997. Ku rubuta lambar, don duk darasin a kanta yake.

Hanyar takardu gajeriya ce a faɗe, doguwa a aikace. Miji zai shigar da fom I-130 a hukumar shige da fice ta Amurka, wato USCIS, don tabbatar da auren. Idan ta amince, fayil ya wuce Cibiyar Biza ta Ƙasa, wato NVC, da ke Portsmouth a jihar New Hampshire. A nan ake biyan Dala 325 na biza da Dala 120 na duba alƙawarin ɗaukar nauyi, a nan kuma ake loda takardun haraji ta intanet. Daga ƙarshe matar za ta je ganawa a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Victoria Island a Legas, domin can ake yin bizar zama ta dindindin, ba Abuja ba. Wanda ya san nisan Birnin Kebbi zuwa Legas ya san ba tafiyar da za a so maimaitawa ba ce saboda takarda ɗaya ta ɓace.

Takardun wa ake nema?

Nan ne ake fara rikicewa. Iyayen amarya na jin an ce haraji, sai hankalinsu ya tafi ofishin tara kuɗin shiga na Jihar Kebbi, a nemo wa yarinya takardar shaidar biyan haraji. Wannan takarda tana da ranarta, wajen neman kwangila ko takardar fili, amma ba ita ake nema ba. Harajin da ake tambaya na miji ne, wanda ya shigar wa hukumar harajin tarayyar Amurka, IRS.

Abin da ya wajaba shi ne na shekarar haraji ta baya-bayan nan, kuma hanya biyu ce. Ta farko, wadda NVC ta fi so, ita ce taƙaitaccen rahoton da IRS ke fitarwa da kanta daga rumbunta, sunansa a shafinsu Tax Return Transcript. Kyauta ne, ana sauke shi ta intanet ko a nema da fom 4506-T. An fi son sa saboda daga hukuma ya fito, ba daga kwamfutar mai shi ba. Ta biyu ita ce kwafin fom 1040 gaba ɗaya, ba a bar shafi ko ɗaya ba, haɗe da duk takardun da ke nuna inda kuɗin ya fito: W-2 ga mai albashi, 1099 ga mai aikin kansa irin direban Uber, da jadawalin da ake kira Schedule C inda ake lissafa riba da ɗawainiya. Fom I-864 yana tambayar adadin kuɗin shiga na shekaru 3, amma takardun sauran shekaru 2 ganin dama ne. Wanda ya ga za su ƙarfafa masa hujja ya haɗa da su. Haka takardun albashi na watanni 6 da wasiƙar wurin aiki, su ke nuna cewa abin da aka samu bara har yanzu yana shigowa.

Ku lura da lokaci. Ranar ƙarshe ta shigar da haraji a Amurka ita ce 15 ga Afrilu. Fayil kan daɗe yana jiran layi, to idan ranar ganawa ta faɗo bayan an shigar da harajin sabuwar shekara, matar ta tafi Legas da sabon rahoton a hannunta. In ba haka ba jami'i na iya miƙo mata takardar dakatarwa ƙarƙashin sashe na 221(g), ta koma gida ta jira.

Ma'aunin

Jami'in biza kamar mai sayen shinkafa ne a bakin sikeli: labarin girman gonarka bai dame shi ba, abin da allura ta nuna shi zai rubuta. Ma'auninsa shi ne layin talauci da Ma'aikatar Lafiya ta Amurka ke fitarwa kowace shekara, kuma doka ta ce mai ɗaukar nauyi ya kai kashi 125 cikin 100 na wannan layi. Sojan da ke bakin aiki mai ɗauko matarsa ko ɗansa kaɗai aka yi wa sassauci zuwa kashi 100.

Ga alƙaluman 2025 na yawancin jihohi, ban da Alaska da Hawaii da nasu ya fi haka. Layin talauci na gida mai mutum 2 Dala 21,150 ne, kowane ƙarin mutum kuma ana ƙara Dala 5,500. Ku ninka da 1.25. Mutum 2 ya ba mu Dala 26,437, mutum 3 Dala 33,312, mutum 4 Dala 40,187. Ana sabunta jadawalin kowace shekara a fom I-864P, don haka ku koyi hanyar lissafin, kada ku haddace adadin.

Ƙidayar mutanen gida ita ma tana da ƙa'ida. Miji ya ƙirga kansa, da matar da zai ɗauko sau ɗaya tak, da 'ya'yansa marasa aure 'yan ƙasa da shekara 21, da duk wanda ya rubuta a takardar harajinsa cewa yana ƙarƙashin kulawarsa, da duk wanda ya taɓa sa wa hannu a I-864 wanda alƙawarin bai faɗi ba tukuna.

Misali a kan allo

A ce mutuminmu yana tuƙa mota a unguwar Bronx ta birnin New York, inda Hausawan Gana da Nijar da Najeriya ke da yawa. Yana da ɗa ɗaya daga auren baya, ga amarya a Dalijan. Gida ya zama mutum 3, abin da ake nema Dala 33,312.

A shekara ya tara Dala 52,000. Duk wanda ya ji wannan a majalisa zai ce ai ya wuce ma'auni nesa ba kusa ba. To amma lokacin shigar da haraji ya cire kuɗin mai, da inshora, da gyaran mota, da sauran ɗawainiya har Dala 24,000, don harajin ya yi sauƙi. Abin da ya rage a layin jimillar kuɗin shiga na fom 1040 shi ne Dala 28,000, kuma wannan layin jami'i zai karanta. Ku ɗebe: 33,312 a cire 28,000, saura 5,312. Ya gaza.

Ku tsaya a nan, domin nan ne zuciyar darasin. Cire ɗawainiya ta gaskiya halal ne, doka ta yarda. Amma akwai masu cika wa mutane fom da ke kumbura ɗawainiya ko su bar kuɗin da aka karɓa hannu da hannu ba a rubuta ba, mutum ya yi murna ya tsira da 'yan ɗaruruwa. Bayan shekara sai ya zo yana so gwamnatin nan da ya gaya wa cewa shi talaka ne ta yarda cewa yana da halin riƙe mace. Baki biyu ba ya yiwuwa a fayil ɗaya. Wadda ke ɗanɗana kuɗar abin kuwa ita ce yarinyar da ke zaune gidan iyayenta, an ɗaura aure ba a tare ba, shekara na bin shekara, 'yan unguwa na tambayar yaushe ne tafiya. Wannan zaman ba ƙaramin abu ba ne, kuma sau da yawa tun daga teburin mai cika fom aka ƙulla shi.

Akwai wani layi a saman fom 1040 da ke kama mutane, wato matsayin aure. A dokar harajin Amurka, wanda ranar 31 ga Disamba ta same shi da aure, mai aure ne a duk shekarar, ko da matar ba ta taɓa taka filin jirgi ba. Wanda aka ɗaura wa aure a Gwandu a watan Nuwamba, sannan ya rubuta wa IRS cewa shi gwauro ne, ya saɓa wa kansa: fom I-130 na cewa da aure, fom 1040 na cewa babu. Abin da ya dace shi ne ya shigar a matsayin mai aure da ke shigarwa shi kaɗai, ko su shigar tare bayan ya nemo mata lambar haraji ta baƙi da fom W-7. Wanda ya riga ya yi kuskuren ya gyara da fom 1040-X tun kafin a tambaye shi. Kuma ku sani, mai aure da ke shigarwa shi kaɗai, kuɗin shiga na Dala 5 kacal ya wajabta masa shigar da haraji, mai aikin kansa kuwa ribar Dala 400. Saboda haka uzurin cewa samuna bai kai ba, ba daga kowa ake karɓarsa ba. Wanda da gaske doka ba ta wajabta masa ba zai rubuta bayani ya kawo dalili. Wanda ta wajabta masa bai yi ba, sai ya koma ya shigar da na baya, sannan a saurare shi.

Ɗan ƙasar Amurka da ya dawo gida da zama, a ce yana koyarwa a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke hanyar Kalgo, shi ma bai fita ba, domin Amurka na bin 'yan ƙasarta da shigar da haraji duk inda suke a duniya. Ga ƙarin nauyi biyu a kansa: albashin naira da zai tsaya ranar da ya bar aiki ba ya shiga lissafi, sannan sai ya nuna cewa zai koma Amurka da zama kafin matar ko tare da ita.

Idan lissafi ya gaza

Mafita ta farko dukiya ce. Ana ninka giɓin sau 3 idan mijin ɗan ƙasar Amurka ne, sau 5 idan mai katin zama na dindindin ne. A misalinmu, 5,312 sau 3 ya ba da Dala 15,936, sau 5 kuma Dala 26,560. Sharaɗin shi ne dukiyar da za a iya mayarwa kuɗi cikin shekara guda, da takardar mallaka da ta ƙima. Ajiyar banki ta fi sauƙi. Gonar gado a fadama wadda ba a raba ba, ba ta da takarda, da wuya ta yi aiki komai albarkarta.

Ta biyu, ɗan'uwa baligi da suke gida ɗaya ya haɗa samunsa da na mijin ta fom I-864A. Ta uku, a samo mai tsayawa daga waje, ɗan ƙasa ko mai katin zama, mai shekara 18 zuwa sama, mazaunin Amurka. Ba dole sai dangi ba, amma shi kaɗai zai cika kashi 125 na gidansa haɗe da amaryar, ba a tara rabin wannan da rabin wancan. Zai kawo nasa takardun haraji, mijin ma bai tsira daga kawo nasa ba.

Wanda aka roƙa ya tsaya ya san abin da yake sa wa hannu. A wurinmu ciyarwa na ƙarewa da ƙarewar idda. A I-864 saki ba ya warware alƙawari. Yana nan har sai matar ta zama 'yar ƙasa, ko an lissafa mata zango 40 na aiki, kimanin shekara 10 ke nan, ko ta bar ƙasar ta ajiye katin zama, ko mutuwa ta raba. Ita kanta tana iya kai ƙara kotu a kan alƙawarin.

Abu biyu a gurguje. Dokar Amurka mace ɗaya ta sani, don haka mai mata biyu matsalarsa ta wuce ta haraji. Sannan takardar bogi da ɗan cuwa-cuwa ya buga a shagon kwamfuta tana jawo haramcin shiga na har abada, alhali ƙarancin kuɗi ana gyara shi cikin shekara.

Ƙofar bizar kanta tana buɗewa tana rufewa da siyasa. A Janairun 2020 gwamnatin Trump ta dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya, Biden ya soke dakatarwar ranar 20 ga Janairun 2021, a Disamban 2025 kuma aka sake sanya Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza. Wannan ba ya hannun miji. Abin da ke hannunsa shi ne duk ranar da aka kira fayil ɗinsa a tarar da harajin kowace shekara a shigar, cikakke, da matsayin aure daidai.

Aikin gida

Ma'aikacin asibiti ne mai katin zama, W-2 ɗinsa ta nuna Dala 36,500. Yana da 'ya'ya 2 'yan ƙasa da shekara 21, zai ɗauko matarsa daga Kalgo. Da alƙaluman 2025, ku fitar da yawan mutanen gidansa, da adadin da ake nema, da giɓin, da ajiyar bankin da za ta cike shi. Sannan ku sake lissafin a kan cewa ya zama ɗan ƙasa kafin ranar ganawa. Kowa ya nuna matakan aikinsa, a kawo ranar Litinin.