Gane Tsuntsayen Daji ta Hanyar Sunayensu na Hausa

1.0 Gabatarwa

Yaron da ya tashi a Tudun Wadar Zariya zai iya kawo karin magana iri-iri masu ɗauke da sunan tsuntsu. Amma idan aka kai shi bakin rafin Kubanni aka ce ya nuna hasbiya, ko ya bambanta shirwa da shaho, sai ya yi turus. Kalmar tana bakinsa, abin da take nufi kuwa ya ɓace masa. Wannan matsala ta malamin Hausa ce kafin ta zama ta malamin kimiyya, domin malamin da bai taɓa ganin carki a bayan sa ba, abin da zai iya gaya wa ɗalibansa bai wuce "wani irin tsuntsu ne" ba. A wannan darasi za a duba yadda ake gane tsuntsayen da aka fi gani a dajin da ke kewaye da Zariya, da irin taimakon da sunan Hausa yake bayarwa wajen ganewar, da kuma wuraren da sunan yake ɓatar da mai nazari.

2.0 Abubuwan Lura a Daji

Nijeriya tana da nau'o'in tsuntsaye sama da 900, saboda haka haddace su ba shi ne abin nema ba. Abin nema shi ne iya kallo. Mai nazari yakan fara da girman tsuntsu, ya auna shi da wanda kowa ya sani, wato gwara ko kurciya ko hankaka. Daga nan sai ƙirar baki da wutsiya da ƙafa, sai yadda yake tashi, sai wurin da aka same shi da lokacin shekara. Launi shi ne na ƙarshe, ko da yake shi ne idon sabon shiga yake fara kamawa. Hazon hunturu da hasken rana tsaka duk suna sauya launi, amma ba sa sauya ƙira. Alal misali, shirwa ko tana can ƙololuwar sama ana gane ta da wutsiyarta mai baki biyu, wadda take murzawa tana juya jiki da ita. Shaho ba shi da irin wannan wutsiya, kuma tashinsa na sauri ne, ba na shawagi ba.

Lokaci ma shaida ne. Shamuwa, mai baƙin baya da farin ciki, tana isowa ƙasar Hausa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari, sa'annan ta tsallaka zuwa kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke. Wanda ya ce ya ga garken shamuwa a Kufena cikin watan Janairu, sai a nemi ya sake dubawa.

3.0 Sunan da Yake Bayyana Mai Shi

Ta fuskar ƙirar kalma, da yawa daga sunayen tsuntsaye harɗaɗɗun sunaye ne, kuma kowane harɗi taƙaitaccen bayani ne na abin da Bahaushe ya lura da shi. Jan-baki, ɗan tsuntsun nan da ke sauka dubbai a gonakin gero da dawa da shinkafa, an raɗa masa suna da launin bakinsa. Babba-da-jaka ya sami nasa daga girmansa da jakar fatar da ke reto a wuyansa. Kazar dutse kuwa sunanta ya haɗa kama da mazauni, domin tana ɗaga wutsiya kamar 'yar kaza, kuma a gindin duwatsu irin na Kufena ya kamata a neme ta, ba a fadama ba. Akwai kuma na aro. Alhudahuda daga Larabci ya zo, tare da harafin "al" da Hausa ta haɗiye ya zama ɓangaren kalmar, kuma a Larabcin ma kwaikwayon kukansa ne. Tsuntsu ne mai tukku da dogon siririn baki, fukafukansa ratsin fari da baƙi, kuma ɗalibai sun san shi daga ƙissar Annabi Sulaimanu a Suratun Namli tun kafin su gan shi yana caccakar ƙasa a bayan makaranta.

Yana da kyau malami ya lura da jinsin waɗannan sunaye, domin ba duka suke bin ƙa'idar wasalin ƙarshe ba. Hankaka ya ƙare da wasalin "a" amma namiji ne, ungulu ta ƙare da "u" amma mace ce.

4.0 Inda Suna Yake Ɓatarwa

Nan ne ake bukatar natsuwa. Bahaushe ya raba tsuntsaye gwargwadon bukatarsa, masanin kimiyya ya raba su gwargwadon tasa, kuma rabon biyu ba kullum yake haɗuwa ba. Kalmar kurciya ta ishi misali. Wadda take kiwo a tsakar gida ƙarama ce, jikinta ja-ja, da ɗigo-ɗigon baƙi a gaban wuya. Da an fita daji sai a tarar da wata mai baƙin ratsi a bayan wuya kamar rabin zobe, kukanta ma daban, ita ma kurciya ake ce mata. Amma a cikin dangin nan dai Hausa ta ware hasbiya, wadda ta fi su girma, mai jar fata kewaye da ido da farin ɗigo a fukafuki, mai son giginya da dogayen gine-gine. Ta kuma ware bardo, ƙarami mai doguwar wutsiya, wanda namijinsa yake da baƙar fuska. Haka tsattsewa: sunan ya haɗa siririyar nan da ke manne ƙwanta da miyau a jikin ganyen giginya da wadda ke zuwa daga Turai tana sauka a kan wayar lantarki, alhali a wurin masana ba dangi ɗaya ba ne. Farin tsuntsu ma ba kowane ne balbela ba. Mai bin shanu bakinta rawaya ne gajere. Wadda ake gani ita kaɗai a gaɓar Galma, da siririn baƙin baki da baƙar ƙafa mai rawayan yatsu, wani nau'i ne daban.

Wani lokaci kuma sunan hukunci ne, ba siffa ba. Ragon maza, mai baƙin kai da jan fiffike da doguwar baƙar wutsiya, wanda kukansa yake kama da ɓulɓular ruwa daga gora, ya sami wannan suna ne saboda nauyin tashinsa da yawan laɓewa cikin ciyawa. Sai dai a danginsa namiji ne yake ɗaukar mafi yawan ɗawainiyar kwanci da ciyar da 'ya'ya, don haka sunan bai yi masa adalci ba. Hankaka ma ana yi masa kirari da mai da ɗan wani nasa. Binciken da P. J. Mundy da A. W. Cook suka yi a Sakkwato, wanda aka buga a 1977, ya bi diddigin wani tsuntsu mai tukku da doguwar wutsiya da ke zuba ƙwansa a sheƙar hankaka, ya bar masa kwanci da reno. Idon magabata ya ga gaskiya, wato ɗan wani a gidan hankaka. Sai dai hankaka shi aka cuta.

Akwai kuma bambancin karin harshe. Fakara da makwarwa tsuntsu ɗaya ne, wanda ke hawa suri da asuba yana kuka da kaushin murya. Kuskure ne malami ya soke amsar ɗalibi don kawai ba ita ce kalmar garinsu ba.

5.0 Zariya da Nazarin Tsuntsaye

Wannan fage ba baƙo ba ne a Zazzau. A shekarun 1960 C. H. Fry, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tsara jerin tsuntsayen Zariya, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya a 1964. Ya shafe shekaru yana nazarin wani koren tsuntsu mai jan maƙogwaro, mai cin ƙudan zuma, wanda ke haƙa rami a gaɓar rafi, ya kuma nuna cewa ma'aurata sukan sami mataimaka daga danginsu wajen ciyar da 'ya'ya. Ta ɓangaren harshe, ƙamusun Bargery na 1934 ya adana sunayen tsuntsaye masu yawa, kuma da shi ya kamata a gwada abin da aka ji a bakin mutane.

Abin da ya sa aikin yake da gaggawa shi ne, waɗansu masu sunayen suna ƙarewa. Ungulun da a da ba a raba ta da mahauta ta shiga jerin halittun da ke gab da ɓacewa a duniya tun 2015, kuma cinikin sassan jikinta don magani da tsafi yana cikin manyan dalilai. Gauraka, mai tukku ruwan zinariya, da wuya a gan shi a dajin Nijeriya yanzu. Malamin da zai koyar da karin maganar ungulu da gidanta na tsamiya yana iya samun aji guda da ba wanda ya taɓa ganinta.

6.0 Aikin Fita Daji

Ɗalibai su kasu uku-uku ko huɗu-huɗu, su fita bayan sallar asuba, lokacin da tsuntsaye suka fi kuka da kiwo, cikin tufafi marasa ƙyalli, ba danƙo ba hayaniya. Rukuni ɗaya ya bi gaɓar Kubanni, wani ya nufi gindin Kufena, wani gonakin bakin Galma. Duk tsuntsun da aka gani a rubuta siffarsa da wurin da kwanan wata kafin a rubuta suna, don kada sunan ya sa ido ya ga abin da babu. Bayan haka a nemi sunan daga bakin mutum biyu aƙalla, kamar manomi da maharbi ko makiyayi, a rubuta garin da kowannensu ya tashi. Idan sunayen suka saɓa, a kawo su duka aji yadda aka ji su, tare da jam'in kowane da jinsinsa.