Tsakanin Adashi da Inshora: Shirin Ɗalibin Kasuwanci don Aikin Inshorar Lafiya a Kudancin Birnin Kaduna

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi guzurin da ɗalibin fannin kasuwanci yake buƙata kafin ya shiga aikin inshorar lafiya a unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna. An lura cewa karatunsa da Ingilishi ne, alhali mafi yawan aikin da ke jiransa da Hausa za a yi shi.

1.0 Gabatarwa

Masana'antu ne suka raya Kakuri da Makera tun daga kafuwar masaƙar KTL a 1957. Bayan durƙushewar masaƙu, dubban magidanta sun koma dogaro da ƙananan sana'o'i, inda babu albashin da za a yanki kuɗin magani daga cikinsa. Ga asibitoci kuwa, akwai na St. Gerard da na Gwamna Awan a Kakuri, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Abin da ya rage shi ne yadda za a biya.

A nan guraben aiki suke. An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da dokar 1999, ya fara aiki a 2005, sannan dokar 2022 ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar a kan kowa. Jihar Kaduna ta kafa tata hukumar, KADCHMA, a 2018. Waɗannan hukumomi da kamfanonin da ke shiga tsakani da asibitocin kansu duk suna buƙatar akanta, da mai tantance takardun biya, da mai yi wa jama'a rajista.

2.0 Abin da Aji Yake Bayarwa

Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko Jami'ar Jihar Kaduna yakan fito da ilimin lissafin kuɗi da ƙididdiga. Ana so ya ƙara da sanin hanyoyi biyu da ake biyan asibiti. A ta farko, ana ba asibiti ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mai rajista, ya zo ko bai zo ba. A ta biyu, ana biya ne gwargwadon aikin da aka yi, musamman idan an tura majinyaci gaba. Ta farko tana iya sa asibiti ƙyashin magani, ta biyu kuma tana buɗe ƙofar aringizo. Mai son zurfafawa yana iya zama jarrabawar cibiyar ƙwararru ta CIIN.

3.0 Matsalar Kalma

Wannan ne ɓangaren da ya fi shafar manazartan Hausa. Kalmar "inshora" ararriya ce, kuma tunanin da take fara kawo wa direban Sabon Tasha shi ne takardar mota da ake nuna wa jami'i a kan hanya, ba wani abu da ake cin moriyarsa ba. Shi ya sa masu wayar da kai sukan koma ga "adashe" ko "taimakekeniya".

Aron adashi yana da daɗin ji, domin kowace 'yar kasuwa ta san zubi, ta san uwar adashi. Sai dai kwatancen yana da gurgunta. A adashi, duk wanda ya zuba zai kwasa idan layi ya zo kansa. A inshora kuwa, wanda ya shekara lafiya ba ya kwasar komai. Zubinsa ya tafi ga jinyar wani. Ma'aikacin da ya ce wa mai sayar da doya "adashi ne" ya tsaya nan, ya ɗaura wa kansa rigima, domin a ƙarshen shekara za ta zo neman kwasarta, in ba ta samu ba kuma ta sanar da duk layinsu cewa an cuce ta. "Taimakekeniya" ta fi kusa da gaskiyar tsarin, ko da yake ba ta nuna cewa akwai ƙa'idar da ke ɗaure kowane ɓangare ba.

Haka kalmar "iyali". A tsarin ma'aikata na tarayya, rajista tana ɗaukar ma'aikaci da abokin aure ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Iyalin Bahaushe ya wuce nan nesa, kuma magidanci mai mata biyu zai ji "kai da iyalinka" a ma'anar da ya sani.

Ya kamata a tuna cewa Hausar kudancin Kaduna, musamman bayan sauyin mazauni da ya biyo rikicin 2000, galibi harshen cuɗanya ce tsakanin Bajju da Atyap da Gbagyi da sauransu. Bayanin takaful, wanda hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, yana warware wa Musulmin Makera shakkar riba da garari, amma ba shi ne damuwar mai shago a Narayi ba. Ita tambayarta ita ce ko za a ba ta magani idan ta nuna kati, ko kuwa za a rubuta mata takarda a ce ta je kemis ta saya.