Darasi: Hayaƙin Itace da Masu Borin Jini

'Yan uwa mata, 'yata tana da asma tun tana goye. Duk hunturu sai ƙirjinta ya riƙa kuka, ni kuwa ina ta ɗora wa ƙura laifi. Sai da malamar asibiti ta ce, "Maman yara, a ina kike girki?" A ɗaki mana, saboda sanyi, ga ta a bayana.

Hayaƙin itace yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, suna wucewa har cikin huhu. Mai borin jini ko asma, hanyar numfashinsa ba ta da juriya. Hayaƙi kaɗan, sai atishawa, ƙaiƙayin ido, tari da sarƙewar numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, yawanci ta girki, ta kashe mutum kusan miliyan 3.2.

Yanzu a tsakar gida nake girki, da busasshen itace. Hura wuta da leda kuwa, wallahi na daina. Da kwasar adashina ta zo, murhu mai tattalin itace na saya. In numfashin yaro ya sarƙe, kar a tsaya jiƙo, a wuce asibiti.