Kafin a Cire Na'urar Numfashi: Shawara ga Ma'aikatan Jinya

A ɗakin kulawa ta musamman, ke ce dangi ke tara a bakin ƙofa su ce, "Sista, ko dai a cire na'urar nan?" Ki saurare su da haƙuri, amma kada ki yanke hukunci ke kaɗai. Likitoci ne ke tabbatar da halin majinyaci. Ki tabbata an rubuta komai a fayil: wa ya duba, yaushe, me aka gaya wa dangi. Kada ki taɓa na'ura bisa umarnin baki kawai.

Dangi sukan ji tsoron ɗaukar alhakin rai. Ki sanar da su cewa majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire na'ura idan ƙwararru sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu. Majalisar fiƙihu ta Makka a 1987 ta sharɗanta shaidar likitoci uku. Amma allurar gaggauta ajali kisan kai ce, a Musulunci da kuma dokar Najeriya.

Kotun Ƙoli ta Najeriya, a shari'ar Okonkwo ta 2001, ta tabbatar wa baligi mai hankali ikon ƙin magani. Don haka ki tambayi dangi abin da majinyaci ya faɗa tun yana iya magana. In kuwa rashin kuɗi ne ya matsa musu, ki kai maganar gaban shugabannin asibiti.

Bayan an cire, jinya ba ta ƙare ba. Ki ba majinyaci maganin raɗaɗi yadda likita ya rubuta, ki jiƙa masa leɓe da auduga, ki ja labule, ki bar iyalinsa su matso su yi masa addu'a bisa addininsa.