Kafin Mu Kama Hanya: Darasi Domin Ƙauyukan Tabanni da Kewaye

Babu gidan da ba ya tafiya. Maigida yana zuwa gona mai nisa, mata suna zuwa itace da ɗibar ruwa, yara suna zuwa makaranta, ranar kasuwa kuwa kowa yana kan hanya. Yawancin tafiye-tafiyen nan lafiya ake zuwa, lafiya ake dawowa. Amma idan matsala ta faru a tsakiyar daji, abin da aka shirya tun daga gida shi ne yakan ceci rai.

An shirya wannan darasi domin a karanta shi cikin ƙungiya, ko bayan sujada, ko a taron Zumuntar Mata, ko na matasa. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, a riƙa tsayawa a ƙarshen kowane kashi ana tattaunawa.

Ƙasar da muke ciki

Tabanni ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari. Tana ɓangaren gabas, tare da Kuyello da Kutemeshi da Dogon Dawa. Ƙasarmu ƙasar daji ce. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa kuma ya wuce murabba'in kilomita 1,100. Daji yana ba mu itace da zuma da wurin kiwo, amma kuma ya nisanta ƙauyuka da juna, ya nisanta mu da asibiti. Daga garin Birnin Gwari zuwa Kaduna tafiyar kimanin kilomita 120 ce.

Dukanmu mun san wahalar da 'yan bindiga suka jawo wa wannan ƙasa. A 2021, saboda matsalar tsaro, gwamnatin Jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako, ta hana hawa babur na wani lokaci, aka kuma katse layin waya a wasu yankuna. A watan Nuwamba na 2024, bayan sulhun da gwamnati ta yi, aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, motoci suka koma bin hanya. Abin da waɗannan shekaru suka koya mana shi ne, waya da babur suna iya ɓace mana rana ɗaya. Saboda haka shirinmu kada ya dogara a kansu kaɗai.

Kashi na 1: Kafin a fita

- Ka gaya wa mutum ɗaya amintacce a gidanka inda za ka, hanyar da za ka bi, da lokacin da kake sa ran dawowa. Idan lokacin ya wuce, ya san inda za a fara nema.
- Kada ka yi shelar tafiyarka a kasuwa ko a majalisa, musamman idan za ka sayar da hatsi ko dabba. Bango yana da kunne.
- Ka tambayi direbobi da 'yan acaɓa da suka fito daga can yadda hanya take a ranar. Labarin jiya ba ya amfani yau.
- A fita bayan gari ya waye, a dawo kafin rana ta faɗi. Tafiyar mutum biyu ko uku ta fi ta mutum ɗaya.
- Ka riƙe ruwan sha, da tocila, da ƙyalle mai tsabta. Ka rubuta lambobin mutum biyu a takarda, domin waya takan mutu. Lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa ita ce 112.
- Mai hawa babur ya sa hular kwano, ya rage lodi. Buhu biyu da mutum uku a kan babur ɗaya, birki ba ya iya riƙe su a gangare.

Kashi na 2: Rafi da hadari

Daga watan Yuli zuwa Satumba rafuffukan da ke bushe da rani sukan cika cikin ɗan lokaci, ko da ba a yi ruwa a ƙauyenku ba, domin ruwan yana gangarowa ne daga inda aka yi shi. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Idan ya kai santimita 30, yana iya ɗaga ƙaramar mota.

- Idan ruwan ja ne, yana ɗauke da kara da rassa, ka jira. Sau da yawa yakan janye bayan 'yan awoyi. Sannu ba ta hana zuwa.
- Ka kafa tsinke a bakin ruwa, ka duba bayan ɗan lokaci, za ka gane ko ƙaruwa yake ko raguwa.
- Ka gwada zurfi da sanda kafin ka sa ƙafa. Kada a haye da goyo, ko da dare.
- Idan ana walƙiya da tsawa, kada ka fake a gindin itace guda da ke tsaye a fili. Ka sauka daga kan tudu ko dutse, ka fita daga cikin ruwa.

Kashi na 3: Saran maciji

An fi samun saran maciji lokacin shuka da lokacin kaka, sa'ad da mutane suke wuni a gona. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, domin talakawan karkara ya fi kashewa. A ƙasarmu akwai kububuwa da kasa da gamsheƙa. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa. Mutum yana iya jin kamar ya warke, bayan awoyi ko kwana ɗaya jini ya soma fita ta dasashi ko cikin fitsari. Don haka kada a ce, "Bari mu gani zuwa gobe."

Abin da za a yi:
- A janye mutumin daga wurin, a kwantar masa da hankali.
- A cire zobe da warwaro da takalmi kafin kumburi.
- A ɗora kara ko katako a jikin ƙafar ko hannun, a naɗe ba da ƙarfi ba, don kada ya motsa.
- A ɗauke shi, kada ya yi tafiya da ƙafarsa. A kai shi asibiti nan da nan, domin allurar kashe dafi ita ce magani.
- Idan gamsheƙa ta tofa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa.

Abin da ba za a yi ba:
- Kada a ɗaure da igiya ko roba. Ɗaurin yakan kashe ƙafa har a yanke ta.
- Kada a tsaga, kada a tsotse. Baƙin dutse ma ba ya zuƙe dafi, lokaci kawai yake ci.
- Kada a ba shi asfirin, yana ƙara zubar jini. Idan ciwo ya yi yawa, a ba shi farasitamol.
- Kada a tsaya neman macijin.

Rigakafi ya fi magani: dogon takalmin roba a gona, tocila da dare, da ɗaga dami da sanda kafin a sa hannu.

Kashi na 4: Tafiyar da ba a shirya ba

Tafiya mafi wuya ita ce ta tsakar dare, da mai naƙuda ko yaro mai jijjiga. Ma'aikatan lafiya suna maganar jinkiri uku da ke kashe mata: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa a can. Biyu na farko a hannunmu suke. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu, ba ya jiran a nemo maigida daga gona ko a ranto kuɗin mai.

Ga abin da kowace ikilisiya za ta iya yi tare da maƙwabtanta, Kirista da Musulmi da Fulanin ruga, tun da rafi da maciji ba su tambayar addinin kowa:

- A buɗe asusun gaggawa. Kowane gida ya ba da mudu ɗaya ko biyu na masara da kaka, a sayar, mutum biyu amintattu su riƙe kuɗin, a riƙa karanta lissafi a gaban kowa.
- A yi magana da masu babur ko mota biyu waɗanda suka yarda a tashe su ko da wane lokaci, a daidaita kuɗi tun da wuri.
- Maigida ya ba da izini tun kafin watan haihuwa, cewa idan aka ga jini, ko jijjiga, ko naƙuda ta wuce awa 12, a tafi ko ba ya nan.
- A aiki mutum ya tambayo asibitin da ke ajiye allurar kashe dafi, da wanda ke ƙarin jini, a sanar wa kowa.
- A haɗa makankarin ɗaukar mara lafiya da gora biyu da buhuna, a ajiye inda kowa ya sani.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ku zana taswirar ƙauyenku a ƙasa. Ina rafuffukan da ke yanke hanya da damina? Akwai wata hanyar zagaye?
2. Idan waya ta ɗauke yau, ta yaya za ku aika saƙo ƙauyen da ke kusa?
3. A shekarun baya, wa aka rasa saboda jinkiri? Wane jinkiri ne cikin ukun nan?
4. Su waye ba su da mai kai su asibiti, kamar gwauraye da tsofaffi da waɗanda suka yi gudun hijira? Wa zai ɗauki nauyinsu?

Aikin wannan mako

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a tashi daga taro, a zaɓi mutum uku, a cikinsu har da mace, waɗanda za su je wurin mai unguwa da maganar asusun gaggawa. A sa ranar da za su kawo rahoto, kada ta wuce mako biyu.