Haɓo

Jinin da ke fita ta hanci shi ake kira haɓo. A Matankari da sauran garuruwan Arewa yara sun fi yin haɓo a lokaci biyu: da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ke ɗauke da ƙura, da kuma bazara, cikin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40.

Me ke kawo shi?

Cikin hanci akwai wani ɗan bango da ya raba ƙofofinsa biyu. Fata ce mai laushi, mai danshi, ta rufe shi. Ƙarƙashin fatar akwai jijiyoyin jini ƙanana, sun fi zare siranta, sun taru da yawa kusa da bakin hanci. Haɓo 9 cikin 10 daga nan yake fitowa. In iska ta bushe, fatar ta bushe, sai ta tsage kamar yadda kaushi ke tsaga dunduniya. Majina ta daskare a wurin. Yaro ya sa farce ya ɓamɓare ta, jijiya ta fashe, jini ya zubo.

Mura da fyace hanci da ƙarfi suna kawo haɓo. Haka ma naushi, ko bugun ƙwallo, ko faɗuwa wajen kokawa. Ƙananan yara kuwa sukan cusa ƙwayar wake ko ta gujiya cikin hanci. Ga manya, maganin asfirin na sa jini ya daɗe bai tsaya ba, mai hawan jini ma haka.

Yadda ake tsai da shi

A zaunar da mai haɓo, ya ɗan sunkuyar da kansa gaba. Ya kama hancinsa da babban yatsa da manuniya, ba bisa ƙashi ba, wurin da ke da laushi. Ya matse sosai, yana numfashi ta baki, har minti 10. A nan ne yara ke yin gaggawa: minti biyu sun saki, suna duba ko ya tsaya. Duk lokacin da aka saki, gudan jinin da ya fara toshe jijiyar sai ya ɓalle, aikin ya koma farko. In akwai agogo cikin aji, a duba shi. In minti 10 sun cika jinin bai tsaya ba, a sake matsewa minti 10. Ana iya ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan randa bisa karan hanci.

Mutane da yawa sukan ce wa yaro ya ɗaga kai sama, ko ya kwanta rigingine. Wannan kuskure ne. Jinin bai tsaya ba, hanya kawai ya sake: yana gangarawa maƙogwaro, ya shiga ciki, ya sa amai. Wanda ya zo baki a tofar. Kada a cusa ganye, ko ƙasa, ko tsumma mai dauɗa cikin hanci, don suna ɗauke da ƙwayoyin cuta.

Jini yana da ban tsoro. Cokali guda bisa farar riga sai a ga kamar ya cika ƙoƙo, alhali babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa. Bayan ya tsaya, kada a fyace hanci ranar. Da dare a shafa ɗan man kaɗe ko Vaseline daga ciki, a kuma yanke farce.

Amma akwai haɓon da ba na gida ba ne. In jini ya wuce minti 20 yana zuba, in ya biyo bayan bugu a kai, in yana yawan dawowa, ko yaron yana jin jiri kuma idanunsa sun yi fari, sai a kai shi wurin likita a Matankari. In ya fi ƙarfinsu, su tura shi asibitin Dogon Dutsi. Manomi kuma da kububuwa ta sara a gona, in jini ya fara fita daga hancinsa da dasashinsa, dafin ne ya hana jinin daskarewa. Matse hanci ba ya maganin wannan. Allurar dafin maciji yake bukata, a ranar.

Tambayoyi

1. Don me haɓo ya fi yawa da hunturu?
2. Minti nawa ake matse hanci?
3. Ina jini ke zuwa in an ɗaga kai sama?