Yadda Ake Auna Nauyin Bincike: Darasi Daga Aikin Dokta Blumberg Kan Ciwon Hanta

Hausawa na cewa yabon kai jahilci. A fagen kimiyya ma haka abin yake, domin ba mai bincike ne ke faɗin darajar aikinsa ba, abokan aikinsa ne ke nuna ta. Idan masani ya kammala bincike, yakan rubuta maƙala ya aika wa mujallar ilmi, wasu masana su tantance ta kafin a buga. Duk wanda ya zo daga baya ya amfana da ita, wajibi ne ya ambace ta a cikin tasa maƙalar. Wannan shi ake kira ambato, kuma ƙirga shi na daga cikin hanyoyin auna tasirin bincike. Tarihin Dokta Baruch Blumberg zai nuna amfanin wannan ma'auni da kuma iyakarsa.

An haifi Blumberg a birnin New York na ƙasar Amurka a 1925, ya rasu a 2011. Da farko ba ciwon hanta yake bincike ba. Abin da ya dame shi shi ne bambancin jini tsakanin al'ummomi, da dalilin da ya sa wata cuta kan kama wasu ta ƙyale wasu. Saboda haka ya zaga ƙasashe yana tara samfurin jini. Har Nijeriya ya zo, kuma a 1961 shi da abokan aikinsa suka buga maƙala kan rukunan jinin Fulani makiyaya na Arewa da na Yarbawa.

Ana cikin wannan aiki ne shi da wani matashin likita, Harvey Alter, suka ga wani baƙon furotin a jinin wani ɗan asalin ƙasar Ostireliya, suka sa masa sunan ƙasar. A 1965 suka buga labarinsa a mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka. Abin lura shi ne taken maƙalar ya danganta furotin ɗin da sankarar jini, ba da hanta ba, domin a jikin masu wannan cuta suka fi ganinsa. Daga baya aka gane cewa yawan ƙarin jinin da ake yi musu ne ke sa su kamuwa. Sai a 1966 aka sami wani majinyaci wanda da ba shi da furotin ɗin, sa'an nan ya bayyana a jininsa, gwaji kuma ya nuna hantarsa ta kumbura. A 1967 Blumberg ya buga maƙalar da ta ambaci ciwon hanta.

Daga nan wasu suka karɓi aikin, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1968 Alfred Prince a New York da Kazuo Okochi a Japan suka tabbatar da alaƙar furotin ɗin da ciwon hantar da ake ɗauka ta ƙarin jini. A 1970 David Dane a Landan ya ga ƙwayar cutar kanta da madubi mai aiki da lantarki, aka gane cewa furotin ɗin rigarta ce ta waje. Ita ce ake kira ƙwayar ciwon hanta nau'in B. A farkon shekarun 1970 aka fara gwada jini kafin a ƙara wa majinyaci. Blumberg da Irving Millman sun tsara hanyar yin rigakafi da wannan furotin tun 1969, Maurice Hilleman ya sarrafa allurar da Amurka ta amince da ita a 1981. A 1976 Blumberg ya sami lambar yabo ta Nobel.

A 1981 kuma Palmer Beasley ya buga bincikensa kan maza 22,707 a Taiwan, inda ya nuna cewa haɗarin kamuwa da sankarar hanta ga mai ɗauke da ƙwayar ya ninka na wanda ba shi da ita fiye da sau 100. Taiwan ta fara yi wa jarirai allura a 1984, kuma a 1997 aka buga sakamakon da ya nuna sankarar hanta ta ragu da kusan rabi a tsakanin yara. A Afirka ta Yamma, ƙasar Gambiya ta fara irin wannan bincike a 1986, Nijeriya kuma ta sa allurar cikin rigakafin yara a 2004.

To, yaya ake ƙirga ambato? A 1964 Eugene Garfield ya fitar da kundin da ke nuna wace maƙala ce ta ambaci wace. A 2005 Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin da ake kira "h". Alal misali, idan masani yana da maƙaloli 20 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 20, ma'auninsa 20 ne. Jami'o'i da dama kan duba irin waɗannan alƙaluma wajen ƙarin girma da ba da kuɗin bincike.

Amma fa ma'aunin yana da rauni. Akan ambaci maƙala don a ƙaryata ta, wani kuma yakan yawaita ambaton kansa. Sa'an nan ambato yakan ɗauki lokaci. Wanda ya auna maƙalar 1965 a shekarar da ta fito, da kyar ya ga alamar hanta a cikinta. Shi ma Alter sai a 2020 ya sami lambar Nobel, tare da Michael Houghton da Charles Rice, saboda gano nau'in C, wanda a yau ƙwayoyin magani ke warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shi.

Ma'aunin ƙarshe dai shi ne lafiyar mutane, kuma nan da sauran aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da nau'in B, kuma ya kashe kimanin miliyan 1.1 a shekarar. Magunguna irin su tenofovir suna danne ƙwayar, amma ba sa kawar da ita gaba ɗaya. Jaririn da ya kamu yayin haihuwa, sau 9 cikin 10 cutar kan zauna masa. Shi ya sa ake son a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa.

Aikin aji: ɗalibai su jera binciken da aka ambata bisa shekarunsu, su bayyana abin da kowanne ya ƙara a kan na gabansa. Sa'an nan kowa ya duba katin rigakafin ƙaninsa ko ƙanwarsa, ya ga ko an yi allurar ciwon hanta.